Bitar KoboToolbox: Manhajar Da Tawagar Sa-kai Za Ta Ƙware A Kai Kafin Ta Hau Jirgi

Tawagar masu aikin sa-kai da za ta tafi wata ƙasa haƙa rijiya, gyara ajujuwa ko tallafa wa asibitin karkara takan kwashe watanni tana fafutukar biza da tikiti da katin rigakafin zazzaɓin shawara. Abin da za ta tambayi mutanen da za ta je wurinsu kuwa sai a bar shi zuwa makon ƙarshe. Daga nan aiki yake fara taɓarɓarewa. Ana isa da mako 2 ko 3 kacal a hannu, a ɓata kwana 4 ana gardama kan tambayoyi, a cika takardu 200 da rubutun da ba ya karantuwa, a dawo da su cikin kwali, babu kuma wanda zai sake buɗe kwalin.

KoboToolbox manhaja ce ta tattara bayanai da waya, wadda aka gina don aikin jinƙai da raya al'umma. Wannan bitar ta dube ta ne ta fuska ɗaya: ko ta dace da ƙaramar tawaga ta mutum 8 zuwa 12, waɗanda akasarinsu ba su taɓa yin binciken gida-gida ba. Ta dace, har ma da wuya a samu wadda ta fi ta a wannan matsayi. Sai dai kusan duk amfaninta ya rataya ne kan aikin da aka yi kafin tashi, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Asalinta da sassanta

Masu bincike biyu, Phuong Pham da Patrick Vinck, su suka kafa ta a 2005, ta kuma girma a ƙarƙashin cibiyar ayyukan jinƙai ta Jami'ar Harvard da ke Amurka. Daga baya ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita ayyukan jinƙai, wato OCHA, ya shigo cikin tafiyar, abin da ya sa ta bazu a tsakanin ƙungiyoyin agaji. Yanzu wata ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba ce ke tafiyar da ita.

Sassanta 3 ne. Akwai shafin intanet inda ake tsara fom, a kuma duba amsoshin da suka shigo. Akwai KoboCollect, manhajar da ake saukewa a wayar Android, wadda aka gina kan wata manhajar tattara bayanai mai suna ODK Collect. Ita ce ke aiki ko babu sabis, ta adana amsoshi a cikin waya har a samu intanet. Sai kuma fom na burauza, ga wanda ba shi da Android.

Wurin buɗe asusu ake fara tuntuɓe. Rumbunan bayanan Kobo 2 ne, na duniya baki ɗaya da na Tarayyar Turai, kuma asusun da aka buɗe a ɗaya ba ya aiki a ɗayan. Idan shugaban tawaga ya yi rajista a wannan, mambobi suka yi a wancan, ba zai iya raba musu aikin ba, sai kowa ya sake daga farko. A tambayi ƙungiyar da za ta karɓi tawagar wane rumbu take amfani da shi, sannan kowa ya bi sahunta.

Tsarin kyauta yana karɓar cikakkun fom 5,000 a wata, da wurin ajiya na gigabait 1. Adadin fom ɗin ya ishi kowace ƙaramar tawaga har ya yi saura. Wurin ajiyar ne ke cika da wuri, kuma hotuna ke cika shi, kamar yadda za a gani a gaba.

Tsara fom: nan ne zuciyar aikin

Ana iya gina fom a shafin ta hanyar latsa maɓallai, kuma ga tambayoyi 15 zuwa 20 wannan ya wadatar. Da zarar sun haura haka, ko za a yi da harshe fiye da ɗaya, gara a koma Excel a rubuta da tsarin XLSForm. Fayil ne mai shafuka 3: survey na tambayoyi, choices na zaɓin amsoshi, settings na sunan fom da harshensa. A shafin farko ginshiƙai 3 ne wajibi: type shi ne nau'in tambaya, name shi ne gajeren sunanta da kwamfuta ke ganewa, label kuma shi ne abin da mai tambaya zai karanta. Duk wanda ya iya Excel zai kama wannan cikin yini 2. Amfaninsa kuwa, mutum 3 za su iya zama su karanta fom ɗin layi-layi, su ga kuskure kafin ya kai waya.

Ginshiƙin name yana da ƙa'idar da sababbin hannu kan taka. Ba a barin tazara a cikinsa, ba a fara shi da lamba, ba a maimaita suna ɗaya sau biyu, ba a kuma saka alamar hamza. Wanda ya rubuta jama'a a nan, fom ba zai ɗoru ba. Jamaa ake rubutawa, ko yawan_mutane. A bar ƙ da ɗ da ɓ ga ginshiƙin label, inda suke fitowa lafiya lau.

Abin da ya fifita wannan manhaja kan takarda abu 2 ne. Na farko ginshiƙin relevant, mai ɓoye tambayar da ba ta shafi mutum ba: wanda ya ce gidansu babu bayan gida ba za a tambaye shi nau'insa ba. Na biyu ginshiƙin constraint, mai hana shigar da amsar da hankali ba zai ɗauka ba. Idan aka rubuta . >= 0 and . <= 110 a tambayar shekaru, ba za a iya shigar da 350 a madadin 35 ba. Sai dai a yi hattara da tsaurarawa. Tawagar da ta iyakance mutanen gida a 10, don haka ta saba gani a ƙasarta, za ta tarar da gida mai mutum 23, fom ya ƙi wucewa, mai tambaya ya rubuta 10 don ya samu ya ci gaba. Wannan ƙarya ce da fom ɗin da kansa ya tilasta, kuma babu mai gano ta daga baya. Haka ma wajabta kowace tambaya: duk tambayar da aka wajabta a ba ta zaɓin "ban sani ba" da "ba na son amsawa", in ba haka ba za a cika ta da ƙage.

A ɗauki misalin aikin ruwa, tunda shi ne tawagogi suka fi zuwa yi. Tambayar "kuna da matsalar ruwa?" ba ta da amfani, don kowa zai ce e, musamman in ya ga baƙi da waya a hannu. Ma'aunin da hukumar lafiya ta duniya da UNICEF ke amfani da shi ya fi kai wa gaci: shin ruwan daga ingantaccen tushe yake, kuma zuwa da jiran layi da dawowa bai wuce minti 30 ba? Don haka a tambayi daga ina aka ɗebo ruwan sha jiya, minti nawa aka ɗauka, jarka nawa aka shigo da ita, ta lita nawa ce, wa ya ɗebo. Sai a sa layin calculate ya ninka jarkoki da lita ya raba da yawan mutanen gida, nan take a ga lita nawa kowa ke samu a rana. Ma'aunin Sphere na lokacin agajin gaggawa lita 15 ne ga mutum a rana, kuma ko da aikin ba na gaggawa ba ne, wannan adadi yana nuna inda ƙishi ya fi tsanani. A ƙara tambayar da aka fi mantawa: akwai famfon da ya lalace a unguwar, yaushe ya tsaya, wa ya kamata ya gyara? Amsarta kan nuna cewa abin da ake buƙata gyaran tsofaffin famfuna ne da samar da kayan gyara, ba sabuwar rijiyar burtsatse ba.

Idan ana son sanin masu buƙata ta musamman, kada a tambaya "akwai naƙasasshe a gidan nan?" Mutane kan ɓoye. Gajerun tambayoyi 6 na rukunin Washington, wato ƙwararrun ƙididdiga kan naƙasa, kan wahalar gani, ji, tafiya, tunawa, kula da kai da sadarwa, an tsara su ne don kauce wa wannan kalma, kuma ana iya ɗaukar su yadda suke.

Tsawon fom kada ya wuce hirar minti 25 zuwa 30. Ga kowace tambaya a yi wa kai wannan gwaji: in amsa ta zo haka ko haka, me za mu sauya a aikin? In babu, a cire ta. Lissafin lokaci ma yana taimakawa wurin rage buri. A ƙauye mai gidaje 500, ana buƙatar kusan gidaje 218 don sakamako mai kuskuren da bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, bisa tabbacin kashi 95. In kowanne daga rukuni 4 na mutum bibbiyu yana yin gida 8 a rana, gidaje 32 ke nan, wato kwana 7 cur. Tawagar da ke da mako 2 ta san tun daga gida cewa rabin zamanta zai tafi a nan.

Harshe

A wannan fanni Kobo ta yi zarra. Ana ƙara ginshiƙi ga kowane harshe, misali label::Swahili ko label::French, mai tambaya ya sauya harshe a tsakiyar hira ba tare da amsa ta ɓace ba, bayanan kuma su taru wuri ɗaya. Amma manhaja ba ta san ko fassara ta yi daidai ba. Hanyar da ke aiki ita ce ɗan ƙasar ya fassara, wani ɗan ƙasar dabam da bai ga asali ba ya mayar da fassarar zuwa harshen farko, sannan a kwatanta. Kalmomi irin su "gida" da "iyali" da "magidanci" su ke haddasa rikici, don a wani wuri gida na nufin masu ci daga tukunya ɗaya, a wani kuma duk wanda ke cikin katanga ɗaya. A yanke ma'ana ɗaya a rubuta ta a ginshiƙin hint, a ƙarƙashin tambayar.

Wata magana kuma da manhaja ba za ta faɗa wa kowa ba: mai aikin sa-kai da ya sauka jiya bai kamata ya zama shi ke yin tambaya ba. Da ɗan gari kan ci gari. Tsarin da ya fi kyau shi ne ɗan ƙasa ya yi hirar da harshensa, baƙo ya kula da waya da taswira da duba amsoshi da yamma. Tambayoyin da suka shafi mata, mace ta yi su.

Wayoyi, batir da abin da ke lalacewa

KoboCollect a Android kaɗai take aiki, kuma wannan shi ne babban rauninta ga tawagar da rabin mambobinta ke riƙe da iPhone. Fom na burauza yana aiki ba tare da intanet ba matuƙar an buɗe shi sau ɗaya tun ana da sabis, amma amsoshin da ba a tura ba suna zaune ne a ma'ajiyar burauzar. Aka goge bayanan burauza don samar da wuri a waya, sun tafi ke nan. Shawarar da ta fi ita ce a tanadi wayoyin Android na aiki zalla, ɗaya ga kowane rukuni, da 2 na ko-ta-kwana. Ba sai masu tsada ba. Batir mai ƙarko da fuska mai haske da ake iya karantawa a tsakar rana su ne abin dubawa.

Saita wayoyin ba wuya. Ana saita guda ɗaya da adireshin rumbu da sunan asusu da kalmar sirri, a fito da lambar QR, sauran su ɗauka. Kada a saka asusun shugaban aiki a wayoyin fili. A buɗe wa masu tambaya asusu dabam, a ba su izinin tura amsa kawai, ban da gani ko gogewa. Waya na iya ɓata a kasuwa ko a mota, kuma kada ta ɓata da makullin dukkan bayanai.

Hotuna: kyamarar waya kan fitar da hoto mai megabait 3 zuwa 5. Hoto 1 a gidaje 300 na iya haura gigabait 1, ga kuma wahalar turawa da sabis mai rauni. Maganinsa layi ɗaya ne, a rubuta max-pixels=1024 a ginshiƙin parameters na tambayar hoton, girman ya ragu ninkin-ba-ninkin, famfon da ya karye kuma ana ganinsa sarai.

GPS ba ya buƙatar sabis, amma wayar da ta tsallaka dubban kilomita kan ɗauki mintuna kafin ta gano inda take a karon farko. A kunna kowace a fili ranar isowa. Manhajar tana jiran kuskuren wuri ya sauka zuwa mita 5 kafin ta ɗauka da kanta, kuma a ƙarƙashin rufin kwano ko inuwar manyan itatuwa sai a yi ta jira. A koya wa kowa ya fito ƙofar gida, a kuma ajiye tambayar wuri a ƙarshen fom don kada mai gida ya zauna yana kallon mutum na ɗaga waya sama. A duba agogon kowace waya ma, don lokacin farawa da gamawa da fom ke adanawa daga shi yake fitowa.

Fawa-bank 1 ga kowane rukuni. Mai ƙarfin 20,000 mAh ya kai kusan Wh 74 (ma'aunin wutar da batir ke ɗauka), ƙasa da iyakar Wh 100 da jiragen sama ke yarda da ita ba tare da izini na musamman ba. A jakar hannu ake ɗaukar sa, ba a cikin kayan da za a loda a ƙasan jirgi ba. A kuma binciki irin bakin soket na ƙasar da za a je.

Kuskuren da ya fi cin rai shi ne gyara fom bayan an fara aiki. Ana iya yi, amma sai an sake ƙaddamar da shi a shafin, kowace waya kuma ta sauke sabon. Wadda ba ta sauke ba, za ta ci gaba da tsohon. Gyara lafazin label ba ya cutarwa. Sauya name kuwa yana raba amsoshin tambaya ɗaya gida biyu, kuma wurin sauke bayanai sai an zaɓi a haɗa da dukkan sigogin fom, in ba haka ba a ɗauka rabin amsoshin sun ɓata. Wani abin kuma: idan fom na da sashe mai maimaituwa, kamar jerin kowane yaro a gida, a sauke bayanan da tsarin XLS, don CSV ba ya fito da wannan sashen.

Jadawalin shiri

Mako 8 kafin tashi a aika wa abokan aiki na can daftarin tambayoyi, a bar su su yanke abin da bai dace ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mako 6 a gina fom, mako 4 a gama fassara. A mako 3 na ƙarshe a yi atisaye na gaske: a kashe intanet a wayoyi, mutum biyu-biyu su yi wa juna tambayoyi, ɗaya yana kwaikwayon mai amsa mai gajen haƙuri ko mai kauce wa tambaya, kowa ya cika aƙalla fom 5, a tura, a sauke a Excel, a gwada fitar da jadawalin da ake so a rahoton ƙarshe. In jadawalin ya ƙi fitowa daga amsoshin gwaji, ba zai fito daga na gaske ba. Bayan isowa a ware yini 1 na gwaji a gidaje 10 zuwa 15 a wata unguwa da ba ta cikin binciken, a yi gyaran ƙarshe, a goge amsoshin gwaji, a rufe fom.

Kullum da yamma a tura na ranar, mutum ɗaya ya zauna ya duba. Fom ɗin minti 25 da aka gama cikin minti 6 abin tambaya ne. Haka gidaje 8 da suka taru a ɗigo ɗaya kan taswira. Shafin yana ba da damar yi wa kowace amsa alamar an amince, ba a amince ba, ko an dakatar, kuma wannan ƙaramin abu yana da matuƙar amfani.

Amanar bayanan mutane

Sauƙin tattarawa kan sa a kwashi abin da ba a buƙata. Suna da lambar waya da hoton fuska da daidai wurin gida, in sun haɗu, sun isa a gano mutum. Tambayar farko a kowane fom ta zama ta neman izini, da bayanin su wane ne ku, me za a yi da amsoshin, da cewa ƙin amsawa ba zai hana kowa amfana ba. Sauran tambayoyin a ɗaure su da relevant, kada su buɗe sai an ce e. Ƙasashe da dama suna da dokar kare bayanai, kamar Gana tun 2012 da Kenya tun 2019, kuma zaman mutum ɗan sa-kai ba ya cire shi daga ƙarƙashinta. Ana iya kulle fom da makullin sirri ta yadda ko rumbun ba zai iya karanta amsoshi ba, amma sai an buɗe su da wata manhaja dabam a kwamfuta, kuma in makullin ya ɓata bayanan sun ɓata har abada. Ga ƙaramar tawaga, rage abin da ake tambaya ya fi wannan sauƙi da aminci.

Inda ta gaza

Rahoton da shafin ke fitarwa da kansa na leƙawa ne kawai: ƙirga da kashi cikin ɗari da zane mai sauƙi. Nazari na sosai sai an koma Excel, don haka dole tawaga ta samu mutum ɗaya da ya iya. Ba a gina ta don bibiyar mutum ɗaya tsawon lokaci ba; aikin da zai riƙa komawa wurin mai juna biyu ɗaya wata bayan wata ya fi dacewa da wata manhajar mai suna CommCare. Saƙonnin kuskure da take bayarwa idan fom ya ƙi ɗoruwa ba kullum suke nuna layin da matsalar take ba, sabon hannu na iya shafe sa'a yana laluben alama ɗaya. Tawagar da za ta yi hira da mutum 15 kacal kuma, littafin rubutu da sauraro sun fi mata. Google Forms kuwa ya fi ta sauƙin koyo, amma ba ya aiki inda babu intanet, wanda nan ne akasarin irin wannan aiki yake.

Tun ranar farko a buɗe aikin da asusun ƙungiyar da ke zaune a ƙasar, tawaga ta shiga a matsayin wadda aka ba izini. Kafin a tashi a zauna da su yini guda su sauke bayanan da hannunsu, a bar musu fayil ɗin XLSForm da wayoyin in da hali, a kuma kai sakamakon gaban mutanen da suka amsa tambayoyin, da harshensu, kafin a sa ranar fara haƙa ko gini. Bayan shekara, su ne za su sake zagayawa da fom ɗin nan, su ga ko famfon yana ba da ruwa da kuma ko mintunan ɗiba sun ragu.